Ragon Turke Da Kunun Yaye

Duk wanda ya taɓa turke rago a Araba da niyyar kai shi kasuwar Illela ranar Lahadi ya san kara kaɗai ba ya sa dabba ƙiba. Sai an haɗa masa da harawa da kowar wake, a dama masa dusa, a jefa 'yar kanwa a ruwan shansa. Da ya fara barin abinci, mai shi zai shafa gadon bayansa, ya duba idonsa, ya aika a kira malamin dabbobi. Ciyawa ce cimar rago, amma ko ita sai da lissafi.

A gidan da ake wannan lissafi, sau da yawa yaron da ake shirin yayewa kunun gero tsararo yake sha safe da rana, da dare a lasa masa tuwo da miyar kuka. Nama sai Sallah ko ranar suna. A Turai da Amurka akwai iyayen da suka zaɓi su raini 'ya'yansu ba nama, wasu ma ba madara ba ƙwai, don tausayin dabbobi ko kare muhalli. A 2019 majalisar likitocin Beljiyam ta ja kunnen iyaye kan hana ƙananan yara duk abin da ya fito daga dabba. Namu yaran tsada ce ta yanke musu wannan hukunci, alhali shanu da awaki na ƙetarowa daga Birnin Ƙonni ta gabanmu, ana loda su a manyan motoci zuwa kudu.

Cikin ɗan wata takwas ƙarami ne, kunu mai ruwa-ruwa yana cika shi ba tare da ya gina jiki ba. Sinadarin ƙarin jini da aka haife shi da shi kuwa yakan fara ƙarewa wajen wata 6. A nan ne dabarar mai turke ke da amfani. Gero shi kaɗai gurgu ne, amma in aka soya shi da waken suya da gyaɗa aka niƙa tare, aka dama da kauri, aka ɗiga manja, abin da wannan ya rasa wancan ya cike. Garin zogale a miya, awara, faten wake da tumatir, duk suna taimakawa. Shayi dai a daina ba yaro kan abinci, domin yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarin jinin.

Sai dai akwai inda yaro ya bambanta da rago. A tumbin rago akwai ƙwayoyin halitta da ke ƙera masa bitamin B12. Ɗan Adam dole ya ci shi daga nama, hanta, kifi, ƙwai ko nono, ba a samunsa a gero ko wake. Rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yaro ya yi laushi, ya makara wajen zama da rarrafe. In uwa mai shayarwa ba ta da shi, nononta ma zai gaza. Shi ya sa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga wata 6 zuwa 23 ya riƙa samun nama ko kifi ko ƙwai kullum. Iyayen Turai da suka ƙaurace wa waɗannan, a kantin magani suke sayo bitamin ɗin su ɗiga wa yaro.

Mu abin da ke kusa da hannunmu ƙwai ne, kuma shi muke hana yara. Har yau akwai kakannin da ke cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi ɗan hali. Wannan magana ba ta da tushe, kuma tana mini ciwo, don na sha ganin ana tara ƙwan zabi a ƙwarya da damina a kai wa mai shayi, ga yaro mai alamun tamowa zaune a bakin ƙofa. Ƙwai ɗaya a dafa shi sosai a murmushe a fate, ko ludayin kindirmo daga madarar da aka tafasa, ko busasshen kifi a cire ƙaya a daka a zuba a miya, bai kai kuɗin dusar da rago ke ci a yini ba.