Shamuwa Ba Ta Kawo Ruwa, Bin Sa Take Yi

Da zarar zafin bazara ya tsananta a Gure, wajen watan Mayu, sai a wayi gari a ga shamuwa ta sauka kan manyan itatuwan cikin gari tana jan kirare. Daga ranar zance ya canza a kasuwa. Mai hatsi ya shiga lissafin buhunan da ya ajiye, mai sayar da iri ya ƙara kuɗi, kowa na cewa shamuwa ta kawo ruwa.

To amma in ka tambayi jama'a ina take zuwa bayan kaka, sai ka ji amsoshi barkatai. Wani ya ce daji take shiga ta ɓuya, wani ya ce ƙasar Turawa take komawa. Ko ɗaya ba haka ba ne. Tsuntsayen da ke zuwa mana daga Turai da sanyi suke zuwa, lokacin da ita ta riga ta tafi. Shamuwa 'yar Afirka ce. A nan yankin Sahel take saƙa sheƙa, ta yi ƙwai biyu ko uku, ta kwanta a kansu kimanin wata guda, ta yi renon 'ya'yan kusan wata biyu kafin su iya tashi.

A shekarar 2003 wasu masu bincike daga ƙasar Danmak sun ɗaura wa wasu shamuwa 'yar na'ura a nan Nijar, suna bin sawunsu ta tauraron ɗan Adam. Da damina ta wuce, sai ga tsuntsayen sun ratsa tsakiyar Afirka sun sauka a Tanzaniya, ɗaya ma daga baya ta zarce har Zimbabuwe. Dalili kuwa shi ne, lokacin da muke fama da hunturu da rani, su can kudu damina suke ciki, daga Nuwamba zuwa wajen Maris. Inda ruwa ya sauka ciyawa ta fito, fara da tsutsa su yawaita, nan shamuwa take nufa, domin su ne abincinta. Fataucin nata ke nan: tana bin kasuwar da ke ci.

Saboda haka ganinta alama ce damina ta matso, amma ba alkawari ba ne. Duk wanda ya san Gure ya san ana iya yin ruwan fari a yi shuka, sannan sama ta ɗauke har mako uku, iri ya ƙone cikin rairayi. 'Yar kasuwar da ta rabu da geronta da arha don kawai ta ga shamuwa, tana iya dawowa ta sayi tiyar da tsada a watan Yuli. Gara a haɗa da sauraron hasashen da hukumar yanayi ta ƙasa ke bayarwa a rediyo.

Irin wannan kuskure ba mu kaɗai ke yin sa ba. Akwai tsuntsun nan fengwin mai tafiya a tsaye da yara ke gani a talabijin cikin ƙanƙara, wanda duniya ta ɗauka sai a ƙanƙara yake rayuwa. Alhali akwai irinsa a gaɓar tekun Afirka ta Kudu da Namibiya, yana yawo kan rairayi cikin rana. A 2024 ma aka sa shi cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, galibi saboda ƙarancin kifin da yake ci.

Ita shamuwa ba ta kai ga haka ba, albarkacin al'adar iyaye da kakanni da ta hana a taɓa ta ko ƙwanta. Abin da ke damunta shi ne sare manyan itatuwa da kuma feshin maganin ƙwari. A nan ne maganar ta shafi mata masu soya fara. Farar da aka tsinto daga gonar da aka yi wa feshi, gubar na jikinta, kuma suya da yaji ba su isa a dogara da su wajen kawar da ita ba. Shamuwa ta ci ta, yaron da ya zo da kuɗinsa bakin tire shi ma ya ci. Kafin ki auni buhu, Hajiya, ki tambayi mai kawo miki daga wane daji aka kamo ta, kuma ko an yi feshi a wajen.