Shin Ko Kun San? Jiya Magajin Gari, Yau Baƙo

Shin ko kun san mutum na farko da ya hau kujerar Magajin Garin Inugu daga ƙasar Sakkwato ya fito? Malam Umaru Altine ke nan, Bafulatanin Sifawa, wanda fataucin shanu ya kai shi kurmi. Ya shiga jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, ya auri 'yar ƙabilar Ibo, kuma da Inugu ta samu matsayin birni a 1956, shi aka ɗora. Ba Turawa suka naɗa shi ba, ta hanyar ƙuri'a ya hau, a garin da ke hedikwatar Jihar Gabas baki ɗaya. Yau a shiga Kasuwar Artisan a tambayi dillalan awaki ko akwai mai sa ran ɗansa zai zama ciyaman a Inugu. Dariya za a yi wa mai tambayar.

Shin ko kun san zaman 'yan Arewa a can ya haura shekara ɗari? An gano kwal a Inugu a 1909, layin dogo ya haɗa ta da Fatakwal a 1916, sannan aka buɗe gadar Makurɗi a kan hanyar jirgi zuwa Arewa a 1932. Inda ma'aikata suka taru kuwa dole a nemi nama, sai ga mahauta da fatake. Daga nan matattarar 'yan Arewa irin su Gariki da Ama Hausa suka samu suna a garuruwan Gabas.

Ku tsaya a Artisan da asuba ku sha kallo. Tirela ta kwana biyu a hanya daga Potiskum, awaki sun galabaita, yara na sauke su ɗaya-ɗaya da igiya a wuya. Ga wata mata ta zo neman akuyar biki, dillali yana taya mata ciniki da harshen Ibo tsantsa, har da barkwanci, sai ya juya ya ce da mai dabba: "Alhaji, ka sallama, ta yi ƙoƙari." A nan aka yanke cibiyar dillalin nan, a nan aka binne kakansa. Amma ranar da zai shiga jami'a ko aikin soja, sai ya hau mota zuwa ƙauyen da bai taɓa kwana a cikinsa ba don neman takardar indijin. A can kuma mai unguwa ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Ɗan gidan wa?" Jemage ke nan, ba ya tsuntsu ba ya dabba.

Shin ko kun san doka ta riga ta hana wannan? Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila, addini ko asalin garinsu. Sashe na 15 ya ɗora wa hukuma alhakin tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin ƙasa. Sai dai kundin nan, a sashe na 147, shi ne ya ce ministan kowace jiha sai ɗan asalinta. Da hannun dama aka bayar, da na hagu aka karɓe.

Kada wani ya ce Hausawa kaɗai abin ya shafa. A 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, akasarinsu kuwa Ibo ne daga jihohin maƙwabta. Mu ma ba mu da bakin magana: Sabon Garin Kano tun wajen 1913 yake, amma har gobe jikan wanda ya kafa shago a can baƙo ne a bakinmu. A watan Yunin 2017 ma wasu matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin yankin. Ranar nan babu wanda ya fi Bahaushen Fatakwal da na Anacha kwana da fargaba, don ya san ramuwa a kansa take sauka. Ya gani a Anacha a Fabrairun 2006, bayan rikicin Maiduguri.

Shin ko kun san irin wannan ƙorafi ne a bakin baƙaƙen fatar Amurka? Sun samu dokar haramta wariya a 1964, ta zaɓe a 1965, sun ga Obama a fadar shugaban ƙasa a 2009. Duk da haka alƙaluman babban bankin ƙasar na 2022 sun nuna dukiyar gidan farar fata na tsaka-tsaki ta ninka ta baƙar fata kusan sau shida. Su aƙalla wanda ya koma wata jiha ya zauna, ya zama ɗan jihar.

A nan gida kuwa, da yaƙin basasa ya ƙare, Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, a Janairun 1970. Ya kafa hidimar ƙasa a 1973 don matasa su san juna. An yi shekara hamsin da 'yan kai ana sanin junan.

Shin ko kun san an sake gwadawa kwanan nan? Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ɗan Abiya, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara 10 a jiha matsayin ɗan asalinta. Aka yi masa ca, masu cewa za a ƙwace musu ƙasar gado suka fi kowa ɗaga murya. A watan Yulin 2025 ya janye ƙudurin.