Samar da Wuta ga Na'urorin Auna Yanayi Daga Girgizar Injinan Gona

Gabatarwa

Kowane manomi ya san cewa ɓarnar da ba a gani ita ce ta fi cin dukiya. Masara tana iya yin zafi a tsakiyar buhuna har ta fara ruɓewa alhali daga waje ba a ga komai ba. Tumatir yana iya nuna ya wuce kima a cikin mota tsakanin Kano da kasuwar Mile 12 ta Legas, mai kaya kuma ba zai sani ba sai an sauke. Domin maganin irin wannan asara ne aka ƙera ƙananan na'urori masu auna zafi, da laimar iska, da danshin ƙasa, waɗanda ke aika sakamakon awon ta iska zuwa waya ko kwamfuta ba tare da an ja igiyar lantarki ba. Wasu daga cikinsu suna iya aika saƙo zuwa nisan kilomita da dama.

Sai dai kowace na'ura tana buƙatar wuta. Wannan maƙala za ta yi bayani kan wata hanya ta samar da wutar daga girgizar injin, da wuraren da ta dace, da kuma wuraren da sayen ta zai zama asarar kuɗi.

Matsalar batir

Yawancin waɗannan na'urori da batir suke aiki. Batir kuwa yana ƙarewa, kuma zafi yana rage masa kwana. Idan ƙungiyar manoma ta kafa na'urori talatin a wurare daban-daban, sai an sami wanda zai riƙa zagayawa yana canza batir. Ranar da aka manta, na'urar za ta yi shiru, mai kaya kuma ya ɗauka lafiya ce ta sa bai ji komai ba. Wannan shi ne babban haɗarin, domin na'urar da ta mutu ba a sani ba ta fi rashin na'ura illa: mai ita ya daina dubawa da idonsa. Ga kuma tsofaffin batura da ake zubarwa a gona, suna gurɓata ƙasa da ruwa.

Yadda girgiza ke zama lantarki

Duk wanda ya taɓa dafa injin ban ruwa ko injin niƙa yana cikin aiki, ya ji yadda jikinsa ke karkarwa. Wannan karkarwa ƙarfi ne da ke tafiya a banza. Akwai manyan hanyoyi biyu na mayar da wani ɓangare nasa wutar lantarki.

Hanya ta farko ita ce ta maganaɗisu. A shekarar 1831 masanin Ingila Michael Faraday ya gano cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, lantarki na gudana a cikin wayar. Da wannan ka'ida ce janareta ke aiki, haka ma fitilar keke mai goga taya. A cikin na'urar tara girgiza, ana rataye ɗan maganaɗisu a jikin sifirin, sai ya riƙa kai da kawowa a tsakiyar wayar duk lokacin da injin ya girgiza.

Hanya ta biyu ta samo asali ne daga binciken 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, a Faransa a shekarar 1880. Sun gano cewa wasu duwatsu masu ƙyalli suna fitar da lantarki idan aka matse su. Ana kiran wannan ɗabi'a fiyezo. Ita ce ke ba da tartsatsi a ƙyastun murhun gas mai dannawa, wanda ba ya da batir. A yau ana yin wani irin tangaran mai wannan ɗabi'a, a manna shi a jikin siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa, a ɗaure ɗan nauyi a bakinsa. Idan injin ya girgiza, ƙarfen yana lanƙwasawa sama da ƙasa, tangaran kuma yana fitar da wuta.

Wannan fasaha ta wuce matakin gwaji a wasu fannoni. Kamfanin Perpetuum, wanda aka kafa a 2004 daga binciken Jami'ar Southampton ta Ingila, ya ɗora irin waɗannan na'urori kusa da ƙafafun jiragen ƙasa. Girgizar tafiyar jirgin ce ke ba su wutar da suke auna zafi da lafiyar ƙafafun, su aika rahoto.

Sharaɗin daidaituwa

Akwai wani sharaɗi da ya wajaba mai saye ya fahimta. Mai tura yaro a kan lilo ya san cewa sai ya tura a daidai lokacin da lilon ya dawo, sannan zai yi sama sosai. Idan ya tura a wani lokacin daban, ƙarfinsa ya tafi a banza. Haka na'urar tara girgiza take: kowace an saita ta ne ga wani saurin girgiza na musamman. Injin da ke juyi 3,000 a minti yana girgiza kimanin sau 50 a daƙiƙa, wanda ke juyi 1,500 kuwa kimanin sau 25. Idan aka ɗora na'urar da aka saita wa na farko a jikin na biyu, wutar da za ta bayar ba za ta taka kara ta karya ba. Shi ya sa injin da ke tafiya da sauri ɗaya, kamar motar lantarki ta famfon rijiyar burtsatse, ya fi dacewa da wannan aiki fiye da injin fetur da ake ƙara wa wuta ana ragewa.

Yawan wutar da ake samu

Kada manomi ya yi zaton zai kunna fitila ko ya yi cajin waya da wannan hanya. Wutar da ake samu takan kasance a ma'aunin miliwat, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na wat, wani lokaci ma ƙasa da haka. Da miliwat ɗaya, cika batirin wayar zamani zai ɗauki fiye da shekara guda. Abin da ya sa take isar na'urar awo shi ne, na'urar tana kwana ne mafi yawan lokaci. Takan farka na ɗan lokaci kaɗan, ta auna, ta aika, ta koma barci. A tsakanin haka wutar tana taruwa a ƙaramin ma'aji, kamar yadda ɗigon ruwa ke cika tulu.

Inda ta dace da inda ba ta dace ba

Ta dace da wuraren da injin ke aiki a kai a kai kuma rana ba ta shiga: ɗakin sanyi na adana kayan lambu, injin busar da hatsi, injin casar shinkafa, da fankar da ke hura iska a babban rumbun ƙarfe. Motar ɗaukar kayan gwari ma tana da girgiza, amma saurinta na canzawa da yanayin hanya, don haka wutar ba ta da tabbas.

Ba ta dace da tsakiyar gona ba, domin ƙasa ba ta girgiza. A nan ƙaramin faifan sola ya fi, tun da wanda bai wuce tafin hannu ba yana iya ba da kusan wat ɗaya a rana tsaka, muddin ana goge masa ƙura a lokacin hunturu. Haka kuma ɗakin ajiya wanda babu injin a cikinsa sai dai batir, ko a ja waya daga sola a kan rufi.

Shawarwari kafin saye

1. A tantance abin da ake son aunawa da kuma matakin da za a ɗauka idan awon ya nuna matsala.
2. A nemi mai sayarwa ya auna girgizar injin da za a ɗora na'urar a kai, kafin a biya kuɗi.
3. A tambayi tsawon lokacin da na'urar za ta ci gaba da aiki bayan an kashe injin, domin hatsi da kayan lambu ba sa daina lalacewa don injin ya tsaya.
4. A ɗaure na'urar tamau a jikin ƙarfen injin. Roba ko tsumma a tsakani suna shanye girgizar.
5. A zaɓi wadda ke sanar da mai ita idan wutarta ta yi ƙasa.

Kammalawa

Na'ura ba ta busar da hatsi. Har yanzu wajibi ne a busar da masara har danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 kafin a adana ta, domin kauce wa fumfuna mai haifar da gubar afulatoksin. Aikin na'ura shi ne ta yi gargaɗi da wuri, kuma ba za ta iya ba sai tana da wuta mai ɗorewa. Manomi ko ƙungiyar da ke son gwada wannan fasaha su fara da na'ura ɗaya a jikin injin da ya fi yawan aiki, su lura da ita tsawon kaka guda tare da malamin gona na yankinsu, sannan su yanke shawarar ƙarawa.