Sabuwar telebijin: ku karanta harafin da ke bisa akwati kafin ku biya kuɗi

 Hatsi ya shiga rumbu, an kai wake kasuwa, kuɗi sun ɗan shigo hannu. Kokowar takobi kuma ta ƙarato. A irin wannan lokaci ne magidanta da yawa suke shawarar sayen telebijin, ko su tada tsohuwar da ke ajiye cikin ɗaki. To, ku dakata mu yi magana tukuna.

Wata ranar kasuwa na iske wani dattijo yana gardama da mai kanti. Ya sayar da bunsurunsa, ya sayi ɗan akwatin nan da ake kira dekodar. Ya kai gida ya haɗa da antan ɗinsa. Kwana uku ɗansa yana hawa soro yana sauka, ko inuwar mutum ba su gani ba. Da ya maido akwatin, mai kanti ya ce kaya in sun fita ba su komowa.

Na karɓi kwalin na duba. Akwatin lafiyarsa lau. Amma bisa kwalin an rubuta S2, alhali dattijo T2 yake buƙata. Harafi guda ya ci masa bunsuru.

Daga ina aka taso?

Telebijin ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun 1964 aka soma karantar da ɗiyan lakkol da ita, har wasu azuzuwan ƙauye suna kunna ta da hasken rana. A 1979 aka buɗe Tele Sahel domin jama'a duka. Manya suna tune da telebijin ɗin gari ta zamanin Seini Kunce, wadda ake fiddawa fili bayan magariba, maza gefe guda, mata gefe guda, yara a gaba bisa rairai. Daga baya aka ƙara Tal TV, tashoshi masu zaman kansu su ma suka fito.

Duk a wancan tsohon tsari, kowace tasha sai ta kama hanyarta ita kaɗai cikin iska. Hanyoyin kuwa ba su da yawa, ga kuma wayar salula ta zo tana neman nata rabo. Don haka a 2006 ƙasashen Afirka, da na Turai, da na Gabas ta Tsakiya suka taru a birnin Janeba, suka sa hannu bisa yarjejeniya cewa za a bar tsohon tsari a koma sabo. Ranar farko da suka tsaida ita ce 17 ga watan Yuni 2015. Ƙasashe da yawa na Afirka ba su cika wannan alkawari bisa lokaci ba, domin aikin yana cin kuɗi ƙwarai.

Sabon tsarin shi ne ake kira TNT. A ƙasarmu akwai ma'aikatar da aka ɗora wa aikin watsa shi, ana kiranta AND. Gidajen telebijin suna shirya shirye-shiryensu, ita kuma ta ɗauka ta kai bisa dogayen ƙarafan nan da kuke gani a manyan garuruwa. Hanya guda da take ɗaukar tasha ɗaya a da, yanzu tana ɗaukar tasha goma ko fiye.

Kira da wasiƙa

Mi ya bambanta tsoho da sabo? Ga misali.

Tsohon tsari kamar kira ne a gona. Wanda ke kusa ya ji sarai. Wanda ke nesa ya ji kaɗan-kaɗan, iska ta kwashe rabi. Shi ya sa a ƙauyukan nesa hoto yake fitowa da yayyafi, mutum guda ya zama biyu, amma dai ana kallo haka nan.

Sabon tsari kuwa kamar wasiƙa ne. Ana mai da hoto da murya su zama lambobi, a aiko su cikin iska. Wasiƙa in ta iso, ta iso da maganarta duka, ko daga Yamai ta fito ko daga Difa. Amma wasiƙa sai da mai karatu. Tsohuwar telebijin ba ta shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Kira ta sani, ba ta iya karatu ba. Dekodar shi ne mai karanta mata wasiƙa. Yana karɓar lambobi daga antan, ya karanta, ya miƙa mata hoto da murya yadda za ta gane.

Ke nan kada kowa ya ruɗe ku ya ce sai kun yar da tsohuwar telebijin. In tana kamawa, kuma tana da ramukan nan uku, ja da fari da rawaya, akwati kawai take buƙata. Sababbin telebijin masu faɗi kuwa, da yawa daga cikinsu an ƙera su da mai karatunsu a ciki. In an rubuta DVB-T2 a bayanta ko bisa kwalinta, ba ku buƙatar wani akwati. Ku sa antan kurum.

Wasiƙa tana da nata aibi. In ta jiƙe, ba ta karantuwa. Sabon hoto ba ya yin yayyafi. Ko ya fito tas, ko ya tsaya cik ya farfashe gida-gida kamar dara, ko ya ɓace ɗungum. Akwai ƙauyen da a da yake kallo da yayyafi, yanzu kuwa sai an ƙara wa antan tsawo kafin a ga komi.

T da S

Nan ne karatunku zai yi muku rana. Akwatunan da ke kasuwa duka baƙaƙe ne, duka ƙanana, duka da telekomand. Ido ba ya raba su. Rubutu ne ke raba su.

Wanda aka rubuta wa DVB-T2 shi ne na antan, irin mai kama da ƙashin kifi ko manjagara. Ku riƙe T, ku tuna da tudu, domin daga ƙarfen da ke kafe bisa ƙasa yake karɓa. Wanda aka rubuta wa DVB-S2 na faranti ne, wato parabol. Ku riƙe S, ku tuna da sama, domin daga tauraron ɗan Adam yake karɓa. Na faranti ba ya aiki da antan, na antan ba ya aiki da faranti, ko da za a shekara ana juyawa. Akwai masu haɗa biyun, an rubuta T2 da S2 tare, su kuwa sun fi tsada.

Ku lura da lambar 2 ɗin nan ita ma. Cikin kayan gwanjo da ake kawowa daga Turai akwai tsofaffin akwatuna da telebijin masu DVB-T babu 2. Ƙasashen yammacin Afirka T2 suka zaɓa. Mai T kaɗai ba zai karanta wasiƙarmu ba, komi arharsa.

Sai kuma maganar biya. TNT ta gwamnati ba ta da kuɗin wata. Ka sayi akwati da antan sau ɗaya, shi ke nan, ka kalli Tele Sahel da sauran tashoshin da aka ɗora bisa tsarin kyauta. Amma akwai akwatunan kamfanoni masu abonema, waɗanda ake biya wata-wata, in ba a biya ba su rufe. Ba haramun ba ne, mai hali ya saya. Sai dai mutum ya san abin da ya saya. Masu cin kasuwannin bakin iyaka, irin su Jibiya, Illela da Maigatari, su ƙara lura, domin wasu akwatunan can an ɗaure su da kamfaninsu. Ku tambayi mai kanti a fili: «Malam, wannan yana da kuɗin wata ko babu?» Ku sa ya kunna shi gabanku. Ku karɓi takardar saye, da sharaɗin in bai kama ba za ku maido.

Kafin a kai akuya kasuwa

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: TNT tana isowa garinmu kuwa? Ba ko'ina take kaiwa ba. Saƙon yana tafiya miƙe kamar hasken fitila. Babbar tasha tana iya kai kilomita 50 ko fiye a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙarama ba ta kai haka ba. Dutse yana tare shi, tudu yana tare shi. Mutanen Adar, wajen Keita da Buza, sun san wannan tun zamanin tsohuwar telebijin: na bisa dutse yana kallo, na cikin kwari yana jin labari.

Hanyar sani mai sauƙi ce, kuma ba ta cin ko dala. Ku duba ko akwai mai TNT a garinku ko a garin da ke maƙwabtaka. Ku je ku gani da idonku. In babu, ku roƙi mai gyaran rediyo ya zo da akwatinsa da antan ya gwada bisa soron da ya fi tsawo. Gara a biya shi ladan tafiya da a yi asarar dabba. Mutum biyar ko shida suna iya haɗa kuɗin gwajin nan.

Garin da saƙon bai kai ba, sai faranti da akwatin S2. Tele Sahel tana bisa tauraro ita ma. Makiyayi mai tafiya da bisashe arewa da damina ya yi nisa da tashoshin watsawa, antan ba za ta amfane shi a can ba. Rediyo ce abokiyar tafiyarsa. In yana son telebijin, ya kafa ta inda iyali suke zaune.

Kafa antan

Antan ta waje ta fi ƴar ƙaramar nan ta cikin ɗaki nesa ba kusa ba. Ta cikin ɗaki sai mutanen birni da ke ganin ƙarfen tasha daga ƙofar gidansu. Ku sami doguwar gora ko bututun ƙarfe, ya wuce rufin ɗaki da itatuwan da ke kusa. In gora ce ko itace, ku shafa wa gindinta baƙin mai saboda gara. Ku ɗaure ta da waya ta fuska uku, domin iskar farkon damina ba ta da wasa.

Siririn bakin antan shi ke fuskantar garin da tasha take. Ku dubi ta maƙwabta, inda ta dosa da yadda haƙoranta suke, ku yi kamar haka.

Wayar da ke saukowa daga antan, ita ce mutane suke rainawa. Ku sayi mai kauri, mai jan ƙarfe a tsakiya. Kada ta yi tsawon banza, kada a yi mata ƙulli, kada a haɗa guntu da guntu. Kowane haɗi yana zubar da saƙo kamar tulu mai tsaga. Inda ta haɗu da antan ku naɗe da roba don ruwa. Ku ɗaga ta sama kuma, awaki suna taunar ta.

In an gama haɗi, sai a shiga «Menu» a nemi «Recherche automatique», wato akwati ya nemo tashoshi da kansa. Za ku ga sanduna biyu bisa gilashi. Ɗaya ƙarfin saƙo ce, ɗaya kuma an rubuta mata «Qualité», wato kyaunsa. Ta biyun ita ce abin dubawa. Mutum guda ya riƙe gora yana juyawa sannu-sannu, ɗaya yana kallon sanda. Ku juya kaɗan ku tsaya, ku ƙirga zuwa biyar, domin akwati ba ya amsawa nan take. Inda sanda ta fi cika, nan za a ɗaure. Ku yi alama da fenti ko wuƙa bisa gora, ran da iska ta juya ta ku san inda za ku maido.

Wata rana za ku iya tashi ku tarar tasha ta ɓace ko an ƙaro wata. Kada ku ruga wurin mai gyara. Ku sake «Recherche automatique» tukuna.

Wuta da haɗari

Akwati ba ya cin wuta sosai, bai cika wuce wat 10 ba. Telebijin ce mai ci. Tsohuwa mai ƙoƙon baya tana cin wajen wat 60 zuwa 80, kuma tana son wuta mai ƙarfin 220. Ƙaramar sabuwa mai faɗi tana cin wajen wat 20 zuwa 30, wasu ma kai tsaye suke aiki da batir mai 12. Mai pano na hasken rana ya yi lissafi: kallon awa huɗu da ƙaramar sabuwa, pano mai wat 50 da batir mai lafiya suna iya ɗauka. Tsohuwa tana son ninkin haka ko fiye. Wani lokaci abin da aka tsimi wajen riƙe tsohuwa, pano da batir ne suke cinye shi.

Abu biyu kuma ba na wasa ba ne, domin rai ke ciki. Kada a kafa antan kusa da wayar lantarki. Ku auna da ido: in gora ta faɗi ta kowace fuska, kada ta taɓa waya. Na biyu, in hadari ya taso ana walƙiya, ku kashe telebijin, ku zare wayar antan daga akwati tun kafin ruwa ya sauko, kuma kada yaro ya hau soro gyaran antan. Dogon ƙarfe bisa rufi yana jan aradu.

Dattijon nan mai bunsuru, bayan mako biyu na sake gamuwa da shi. Ya sami wani mai faranti a garinsu wanda akwatinsa ya ƙone, ya sayar masa da nasa, da ragi. Ya cika kuɗi ya komo kasuwa, wannan karo tare da jikanyarsa mai zuwa lakkol. Ita ta ɗauki kwalin, ta sa yatsa bisa rubutu, ta ce: «Baba tsoho, ga T, ga 2.» Sannan ya kwance bakin aljihu.