Yadda ɗigon mai kamar ƙwayar waken suya ke ceto tsofaffin kwamfutoci a birnin Zariya

Duk wanda ya taɓa shiga ƙananan shagunan buga takardu da ke kewayen Ƙofar Jatau a birnin Zariya da tsakar rana a watan Afrilu ya san wannan ƙarar. Fankar kwamfuta na gurnani kamar injin markaɗe, ga mutane a tsaye suna jiran a cike musu fom a intanet, sai allon ya tsaya cak. Wani lokaci ma na'urar ta mutu gaba ɗaya alhali ga wuta.

Mai shago yakan ce tsufa ne, ko bairos ya shige ta. Daga nan sai lissafin kuɗin sayen wata, ga shi kuma kowace rana da aka yi babu aiki, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Nuhu Bamalli masu kawo aikin kammala karatu sun wuce shagon gaba.

Sau da yawa matsalar ba ta kai nan ba.

Galibin waɗannan kwamfutoci tokumbo ne, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq da ofisoshin Turai da Amurka suka gama aiki da su. Da yawa an ƙera su ne a 2011 ko 2012. A cikin kowacce akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, wadda ke ɗaukar zafi sosai idan tana aiki. A kanta ake ɗora wani ƙarfen alminiyo mai fanka domin ya kwashe zafin.

Fuskar furosesa da ta ƙarfen suna kama da masu santsi, amma akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kuma iskar da ke maƙalewa a ciki tana hana zafi wucewa. Shi ya sa ake shafa wani mai mai kauri, ruwan toka, a tsakaninsu. Ba man zafin da ake shafa wa ciwon baya ba ne, kodayake sunan zai dace da shi.

Bayan shekaru man kan bushe ya tsattsage kamar laka a bakin tafki da rani. Ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarin ƙarfen daga Disamba zuwa Fabrairu, sannan zafin bazara ya biyo baya. Idan zafin furosesa ya kusa digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Idan hakan bai isa ba sai ta kashe na'urar. Wannan ne nauyin da mai shago ke ɗauka tsufa ne.

Gyaran ba shi da wuya. A cire wayar wuta, a kwance ƙarfen, a busa ƙurar, a goge tsohon man da tsumma mai tsafta da ɗan sifirit. Sai a ɗiga sabon a tsakiyar furosesa, gwargwadon ƙwayar waken suya, a mayar da ƙarfen a ɗaure kusoshinsa kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta. Matsin ƙarfen ne zai baza man.

Kuskure biyu suka fi yawa. Akwai masu labta man kamar ana yaɓen ɗaki, har ya gangaro gefe. Akwai kuma masu amfani da man goge baki saboda sun gani a wani bidiyo. Wannan kan yi aiki na ɗan lokaci, amma da ruwan cikinsa ya ƙafe an koma gidan jiya. Man na gaske ana samunsa a ƙaramin sirinji wurin masu sayar da kayan kwamfuta a Sabon Gari, kuma guda ɗaya na isar na'urori da dama.

Sauya furosesar kanta kuwa magana ce daban, kuma nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Kowane babban allo, wanda masu gyara ke kira bod, yana da gurbin da ba ya karɓar kowace furosesa. Gurbin LGA 1155 na kamfanin Intel, alal misali, na zubi na biyu da na uku ne. Mai Core i3-2100, wadda ke da ƙwaƙwale biyu, zai iya sa Core i5-2400 mai huɗu, kuma zai ga bambanci. Amma ta farkon wat 65 take ci, ta biyun 95, don haka zafi zai ƙaru. Idan akwatin ƙarami ne, fankarsa ba lallai ta iya ba. Wanda ya sayo zubi na huɗu kuwa ya yi asara, domin gurbinta LGA 1150 ne, ba za ta zauna ba. Ko zubi na uku ma wasu allunan ba sa gane shi.

Cikin gurbin akwai 'yan allurai fiye da dubu, masu laushi. Tanƙwara ɗaya na iya lalata allon baki ɗaya. Wannan ba aikin da za a bar wa yaron shago ba ne don kawai yana da sukundireba.

Ga mai buga takardu ma, sauya furosesa ba shi ne ya kamata ya zo farko ba. Cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD, tare da ƙara RAM, sun fi saurin nuna amfaninsu a irin wannan aiki.

Akwai kuma iyakar da babu man da zai tsallake ta. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 kamar yadda ya saba, kuma Windows 11 a hukumance tana neman furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Na'urar 2012 da aka sabunta wa mai za ta ci gaba da buga takardu lafiya lau, amma mai shagon da ke shigar da lambobin banki da bayanan shaidar ɗan ƙasa na jama'a a kanta yana buƙatar fara tanadin wadda za ta gaje ta.