Minshari da kamannin fuska: Abin da likitoci suka gano

Likitoci sun ce kumburin fuska da nauyin ido da wasu mutane kan tashi da su kowace safiya, na iya zama alamar wata cuta da ke sa numfashi ya riƙa ɗaukewa a cikin barci.

Cutar kan auku ne idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da harshe suka saki, suka toshe hanyar iska. Numfashi kan tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja numfashi da ƙarfi, ya koma barci ba tare da ya san ya farka ba.

Wanda abin ya tsananta gare shi yakan yi haka sau 30 ko fiye a sa'a guda.

Galibi iyali ne ke fara lura: minshari mai ƙarfi, sai shiru, sai kuma wata ƙara kamar an shaƙe mutum. Shi kuwa mai cutar abin da ya sani shi ne ciwon kai da safe, da gyangyaɗi a wurin aiki ko lokacin huɗubar Juma'a. Wannan ba shi ne dannau ba, kodayake wasu kan haɗa su.

Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 936 masu shekaru 30 zuwa 69 ne ke da cutar a duniya, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita.

Abin da ke bayyana a fuska

Mai wannan cuta yakan kwana baki buɗe, saboda haka yakan tashi da busasshen maƙogwaro da tsagaggen leɓe, musamman da hunturu.

Haka kuma likitocin ido sun daɗe da lura da wata alama: fatar ido ta sama kan saki har ta riƙa juyewa idan fuska ta danne matashi, ido ya yi ja yana kwantsa, sau da yawa a ɓangaren da mutum ke kwanciya a kai.

A 2013, wasu masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka ƙarƙashin jagorancin Dokta Ronald Chervin sun ɗauki hotunan masu cutar 20, kafin su fara magani da kuma bayan wata biyu ko fiye da farawa. Daga nan suka nuna hotunan ga mutane 22 ba tare da sun faɗa musu wanne ne na farko ba.

A kusan kashi biyu cikin uku na lokutan, masu kallon sun zaɓi hoton bayan magani a matsayin wanda mutum ya fi kuzari da ƙuruciya da kyan gani. Na'urar awo ta kuma nuna cewa kumburin goshi ya ragu, haka ma jan da ke kumatu.

To sai dai binciken bai ga wani canji na a zo a gani ba a baƙin da ke kewaye ido, wato abin da jama'a suka fi dangantawa da rashin barci. Mutum 20 kuma ba su da yawa, don haka sakamakon manuniya ce kawai.

Duk da haka akwai darasi ga masu sayen mayukan shafawa don gyara fuskar da ta yi yaushi. Da yawa daga mayukan bilicin na ɗauke da sinadaran da ke sa fata ta yi siriri, alhali toshewar numfashin tana nan, tana ƙara haɗarin hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da hatsarin mota.

Ƙananan yara

A wajen yara ne cutar ta fi barin tabo mai ɗorewa, domin ƙasusuwan fuskarsu ba su gama ginuwa ba.

Yawanci abin da ke toshe musu iska shi ne kumburin naman da ke gefen maƙogwaro da wanda ke bayan hanci. Yaron da ya shekara da shekaru yana numfashi ta baki, fuskarsa kan yi tsawo, muƙamuƙin sama ya tsuke, haƙoran gaba su turo waje.

Yara masu cutar sikila sun fi sauran yara fuskantar wannan matsala, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila.

A ƙasar Hausa an saba kai yaro mai matsalar wuya wajen wanzami a cire masa beli. Amma naman da ke bayan hanci askar wanzami ba ta kai gare shi, ga kuma haɗarin zubar jini da kamuwa da cuta. Aikin na likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, irin waɗanda ke Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

Maganin ma na da nasa tabon

Ga manya, babban magani shi ne na'urar da ake kira CPAP, wadda Farfesa Colin Sullivan na Sidni a Ostireliya ya bayyana wa duniya a 1981. Tana hura iska ta wani marufi da ake ɗaurawa a hanci, don hanyar numfashi ta zauna a buɗe har gari ya waye.

Marufin kan bar layi a kumatu wanda ke bajewa bayan ɗan lokaci. Idan an matse shi da yawa kuwa yakan ci karan hanci har ya yi gyambo, kuma a baƙar fata irin wannan rauni kan bar baƙin tabo na watanni.

Gumi da maiƙo da ke taruwa ƙarƙashinsa kan jawo ƙuraje, iskar da ke sulalewa ta gefe kuma ta busar da ido. Ana son a riƙa wanke marufin kullum da sabulu mai sauƙi, a kuma guji shafa basilin kafin ɗaura shi domin yana lalata robar.

Masu gemu ba sai sun aske ba. Akwai ƙaramin marufi da ke zama a ƙofar hanci kawai.

Nisa da wuta

Samun wannan na'ura shi ne babban aiki. Mazaunin Kakangi a ƙaramar hukumar Birnin Gwari sai ya fito Birnin Gwari, sannan ya kama hanyar Kaduna mai nisan fiye da kilomita 100, hanyar da 'yan bindiga suka addabi matafiya a kanta tsawon shekaru kafin sulhun da gwamnatin jihar ta sanar a ƙarshen 2024.

Ko ya isa birni, wuraren gwajin barci kaɗan ne a Najeriya. Na'urar kuma na buƙatar wuta dare guda cur, abin da ke nufin batir ko sola ga mafi yawan gidaje.

Akwai dai matakan da ba sa buƙatar wuta. Rage ƙiba na rage tsananin cutar, kuma namijin da awon wuyan rigarsa ya kai inci 17 na cikin masu haɗari. A Disamban 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da allurar rage ƙiba ta Zepbound ga masu cutar da ke da teɓa, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka.

Kwanciya a gefe, wadda Musulmi suka sani a matsayin sunna, tana taimaka wa waɗanda numfashinsu ya fi ɗaukewa idan sun yi rigingine. Ƙwayoyin sa barci da barasa da maganin tari mai kodin kuwa ƙara dagula lamarin suke yi.

Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin ba ta isa ta wanke mutum daga cutar ba. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa ta fi kuskuren ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan ninki uku na yadda take yi ga farar fata.

Abin da likita zai fi amfana da shi a ganawar farko shi ne bayanin wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mara lafiya, ko sautin barcinsa na 'yan mintuna da aka naɗa a wayar salula.