Aikin Gayya Irin Na Ƙungiyar Rotary

Uwargida, ko kin san masu hannu a maganin shan-inna da ake kawowa har ƙofar ɗakinki? Cikinsu akwai ƙungiyar Rotary, wadda aka kafa a Amurka a 1905. Kulob ɗinta na farko a Nijeriya a Kano aka buɗe shi, a 1961.

'Yan ƙungiyar ba albashi ake biyansu ba, su ne ma ke zuba kuɗi daga aljihunsu. Kowane kulob yakan kasa aikinsa kwamiti-kwamiti. Wannan ya nemo sababbin mutane, wannan ya tara gudummawa, wancan kuwa ya zaga unguwa ya gano inda ake bukatar rijiya ko bencin makaranta.

Tun 1985 suka ɗaura ɗamarar yaƙi da shan-inna a duniya. A 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka, amma in an yi sake da rigakafi, wani nau'inta yakan ɓullo ya nakasa yaro.

Da maza kaɗai ake ɗauka. Daga 1989 mata ma suna shiga. Ke 'yar makaranta, akwai reshen matasa, Interact, na masu shekara 12 zuwa 18.

Ke kuwa uwargida, in masu rigakafi suka yi sallama, fito da yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.